Sha-Ƙasa Tsakanin Safa da Marwa

Faisal, ajiye wayar nan. Kai ma Hamza matso kusa, kunnenka na Hausa ba ƙarfi gare shi ba. Tun jiya da aka ce tasrihinku ya fito, an ba ku izinin tura arabiyya a Harami, kuke ta tsalle, har na ji ɗayanku yana cewa ai aikin ba komai ba ne, ka kama keke da hannu biyu ka tura tsoho kawai. To, ɗayyib. Ni shekara talatin da ɗoriya na yi ina tura tsofaffin mutane a kan keken nan, kuma kun san ba tsufa ne ya raba ni da rigar aikin ba, karɓe ta aka yi. Ba ku taɓa tambayar dalili ba. Yau zan gaya muku, amma sai kun fara jin yadda aka koya mini.

Mu'allim Sale ne ya koya mini, wani Basakkwace a unguwar Utaibiyya nan Makka, Allah ya jiƙan sa. Shi ba da keke ya fara ba. A zamaninsa shibriyya ake yi, gadon katako ne da mutum huɗu ke ɗauka a ka su yi wa alhaji ɗawafi, shi ya sa tsakiyar kansa ba gashi ko ɗaya, sai kanta. Ranar da mahaifina ya kai ni wurinsa ko hanyar Harami bai nuna mini ba. Ya fito da wata tsohuwar arabiyya, ya cika bokiti da ruwa taf, ya ɗora a mazaunin, ya ce in kai ƙarshen lungu in dawo. Kun san lungunan Utaibiyya, daga hawa sai gangara. Kafin in dawo rabin ruwan yana ƙasa. Ya leƙa bokitin ya ce, "Ka kashe tsohuwar mutane. Koma." Haka na yi ta kashe tsohuwar nan har watan ya ƙare, matan unguwa suna leƙe ta taga suna dariya. Ranar da na dawo da ruwan a cike, cewa ya yi yanzu sai in koyi yi da sauri.

Wani tsoho ɗan Masar shi ne alhajina na farko, mutum mai jiki, ga surutu. Muna zagaye na biyu gefen ihraminsa ya shige taya, ya naɗe, saura ƙiris in tuɓe bawan Allah a gaban Ka'aba. Tun daga ranar ba na motsa keke sai na tattare mayafin na cusa ƙarƙashin cinya, kuma ba na rabuwa da fil a aljihu. Kayan aikin ba su da yawa: birki mai kamawa, taya mai ƙwari, matakin ƙafa da ba ya lilo, da tsumman goge hannu. Matakin ƙafar nan ku ji tsoronsa, shi ne ke sarar dugadugan mutane. Ka sari diddigen alhaji mai ɗawafi, ko ya ce ya yafe, ka ɓata masa ranar da ya yi shekaru yana jira. Shi ya sa muke cewa "Ɗariƙ, ya hajji," a ba mu hanya, amma da murya mai taushi, ba irin ihun da na ji yaran yanzu suna yi ba kamar masu korar awaki.

Sannan akwai barci. Tsohuwa ta sauko daga jirgi a gajiye, ka ɗora ta a keke, sanyin Harami ya buge ta, sai ka ga kai ya langaɓe. In barci ya yi nauyi alwala ta tafi, ɗawafin ya lalace, ita ba ta sani ba, kai ka sani. To aikinka ne ka hana ta, ko ba ka jin yarenta. Ka ɗaga murya da addu'a, ka ɗan girgiza keken, ka nuna mata Ka'aba. Ƙidayar zagaye ma a wuyanka take. Amma duk cikin abin da Mu'allim Sale ya dasa mini, biyu ne manya. Na farko, ido a ƙasa, domin ɗigon zamzam ɗaya a kan marmara ya isa ya kayar da ƙato. Na biyu, yakan riƙe kunnena ya ce, "Alhajinka ba ya taɓa ƙasa. In zai faɗi, ka riga shi isa."

Shekarar annoba kun gan ta da idonku, amma kuna yara, ba ku san me ta yi wa irinmu ba. Harami ya zama wayam, an jera kekuna an sa musu sarƙa. Ni da ban san wata sana'a ba, na koma dakon kwalayen tumatir a kasuwar kayan lambu ta Ka'akiyya, a nan gwiwar nan ta fara ciwo. Da aka buɗe, sai ga motocin lantarki sun ƙaru a saman bene, aka rage masu turawa, aka fara da matasa. Sai da na yi ta zirga-zirga a ofis kafin a mayar mini da riga. Mushrifinmu, wato mai kula da mu, wani Abu Majid ne, mutumin kirki, ba ya munafunci. Da zai miƙo mini ita ya kira ni ammi, wato baffa, ya ce, "Ya ammi Haruna, na tsaya maka. Amma shekarunka a rubuce suke. In alhaji ya faɗi a hannunka sau ɗaya, ba ni da bakin magana." Na ce masa ai ban taɓa kayar da kowa ba. Ya ce ya sani, shi ya sa ya tsaya mini.

To, wata rana da hantsi, bayan wannan da 'yan watanni, wata mata 'yar Sin ta zo inda muke layi, tana riƙe da hannun wani tsoho. Ta yi mini sallama da Larabcin littafi, irin na masu huɗuba, ta ce sunanta Maryam, wannan mahaifinta ne, Alhaji Yunusa, Umara suka zo, ƙafafunsa da bayansa ba su da ƙarfi. Na durƙusa ina gyara masa mayafi, sai na ɗaga kai na dubi fuskarsa. Hancin a karkace, kunnen hagu a murɗe, ga wani tabo ya raba girarsa biyu. Wallahi sai da na saki fil ɗin da ke hannuna. Na ce da ƙarfi, da Hausa, "Sha-Ƙasa!"

Ku ba ku san wannan ba. Muna samari akwai wani ɗaki na Usmanu ɗan Sudan a unguwar Mansur, bayan mai tsire, inda muke taruwa bayan la'asar muna kallon kaset na faɗan 'yan Sin. Ba mu san sunan kowa ba, mu muke raɗa musu. Akwai wani da ba ya taɓa zama jarumi, kullum yana cikin yaran bos, kuma kullum shi ake jefowa daga bene, ko a doka shi da tebur, ko a wurga shi ta taga. In ya faɗi yakan mirgina ta kafaɗa ya daki ƙasa da tafin hannu, tas! Da mun hango hancinsa sai ɗaki ya ɗauka, "Ga Sha-Ƙasa nan, yau ma sai ya sha!" Ko a mafarki ban taɓa zaton Musulmi ba ne, balle in gan shi da ihrami. Na yi wa Maryam bayanin sunan ina jin kunya. Ta fassara masa. Tsohon nan ya yi dariya har da tari, ya ce a gaya mini a ƙasarsu ma ba a ba shi sunan da ya fi wannan dacewa ba.

Ɗawafi ya tafi lafiya lau, bai yi gyangyaɗi ko sau ɗaya ba. Na hau da su bene na sama don sa'ayi, saboda ya fi sarari. Kun san tsakanin korayen fitilun nan maza sassarfa suke yi, mu kuma al'adarmu in mun zo wurin sai mu ƙara sauri da keken, don alhaji ya samu rabonsa na gudun. Muna kan Safa, kafin mu fara, Maryam ta ce, "Ammi, Baba yana da roƙo. Yana so ko sau ɗaya ya sauka ya yi sassarfar da ƙafarsa."

Na ce, "Hajiya, ki ba shi haƙuri. Ba dole ba ne a kansa, ni zan yi masa gudun."

Ta faɗa masa. Ya yi magana a hankali. Ta ce, "Ya ce ya san ba dole ba ne. Ya ce shekara arba'in yana faɗuwa a madadin wasu, ba a taɓa yin komai a madadinsa ba. Ba ya so a fara a nan."

Na ce mata gaskiya: mutumin da da ƙyar ya tako daga ƙofa zuwa keke, in ya yi gudu faɗuwa zai yi, in ya faɗi kuma rigata ta tafi. Na nuna mata Abu Majid can yana tsaye da oba-obarsa. Ta fassara. Tsohon ya gyaɗa kai, bai ƙara roƙo ba, ya yi mini alama mu tafi.

A hanya, in ya gama addu'o'insa, sai ya riƙa ba ni labari, 'yarsa tana tafe a gefe tana juya mini. Ya ce a arewa maso yammacin ƙasarsu aka haife shi, garin Musulmi, mahaifinsa yana jan taliya da hannu a bakin kasuwa. Yana ɗan ƙarami aka ba da shi ga masu wasan tsalle-tsalle, saboda bakuna sun yi yawa a gida. Malaminsa bai bar shi ya kai naushi ko ɗaya ba sai da ya yi shekaru yana koyon faɗuwa kawai: ta baya, ta gefe, daga kan kujera, daga kan katanga. Ya ce samari suna zuwa wurinsa suna cewa ai faɗuwa kowa ya iya. Na ce wa Maryam ta gaya masa ni ma ina da irinsu a gida, kodayake a lokacin ku ba ku isa ba, iyayenku nake nufi.

Da ya girma ya gangara kudu, birnin da ake yin finafinai a bakin teku. Can aka gano abin da ya iya. Wata rana a sa masa baƙar riga ya zama yaron bos, a kashe shi kafin azahar. Da yamma a sa masa rigar jarumi da gashin jarumi, a juya bayansa ga kyamara, ya diro daga rufin gida, in ya taɓa ƙasa darakta ya ce a tsaya, shi ya rarrafa gefe, jarumin ya zo ya kwanta a wurin ya miƙe yana karkaɗe ƙura. Ashe rabin dirar da muke yi wa jarumai tafi a ɗakin Usmanu duk nasa ne. Na tambaya ko hakan bai dame shi ba. Ya ce aiki ne, an biya shi, kuma jaruman nan da yawansu mutanen kirki ne, kawai dai ƙashinsu ya fi nasa tsada.

Shi ma ya yi tasa muguwar shekarar. An shirya masa dira daga hawa na uku a kan kwalaye da aka jera, ashe an yi ruwa, na ƙasan sun jiƙe, ba wanda ya duba. Ya diro suka lotse, bayansa ya karye. Shekara guda yana kwance, matarsa tana sayar da abinci tana riƙe gidan. Da ya tashi bai ƙara iya dira mai tsawo ba, sai ya tara abokansa masu faɗuwa ya zama furodusa, yana shirya finafinansa. Dokarsa ɗaya ce, ba mai dira sai shi da kansa ya bi wurin da tafin hannu ya shafa. Akwai fim ɗin da ya hana a yi wata babbar dira saboda iska, fim ɗin ya fito salam, mutane suka ƙi kallo, har ya sayar da gidansa. Daga baya wasu suka karɓu, ya farfaɗo. Ya ce abin da yake taƙama da shi ba finafinan ba ne, a'a, duk yaran da suka yi aiki a ƙarƙashinsa da ƙafarsu suke zuwa gaishe shi.

Muna dawowa Safa a tafiya ta shida, na hango ɗan danshi a gabanmu, wani ya zubar da zamzam. Kafin in karkata keken, sai na ga yatsan tsohon ya riga ni nunawa. Na dube shi da kyau. Ashe tun da muka fara, duk sanda muka shiga tsakanin fitilun, idonsa ba ya kan mutane, yana ƙasa, daidai inda nawa yake. Yana karanta marmarar ne, inda ta yi santsi, inda aka haɗa ta, inda jama'a ke yin yawa. A duk shekaruna ban taɓa ɗaukar alhajin da ke kallon ƙasa irin kallona ba.

Da muka hau Safa na taka birki, na zagayo gabansa na durƙusa. Na ƙara ɗaure masa bel, na sa fil biyu a mayafin. Na ce, "Hajiya, tambaye shi, in na yarda, me yake so in yi?"

Ta tambaya. Ya ɗaga yatsa ɗaya. Ta ce, "Ka buɗe masa hanya, ka biyo shi da keken. Ya ce zai iya faɗuwa, kusan ma ya tabbata. In ka ga ya tafi, kada ka tare shi."

Na ce, "Kada in me?"

"Kada ka kama shi, Ammi. Ya ce shi ya san yadda zai sauka. In aka riƙe masa hannu a tsakiya, jikin zai murɗe, bayan ne zai fara isa ƙasa. Ya ce yawancin waɗanda ya ga sun karye, wani mai tausayi ne ya kai musu hannu." Ita ma ba ta hana shi ba.

Muka gangaro. Daf da fitilar farko na tsaya, na je na bi wurin da tafin ƙafata har ƙarshe, na goge wani ɗigo da tsummana, na dawo. Na ɗaga matakan ƙafa. Ya dafa hannun keken ya miƙe, ya yi bismilla. Na ce, "Ɗariƙ, ya hajji, ɗariƙ," mutane suka dare. Sai ya fara. Ba gudu ba ne irin wanda kuka sani, ɗan tsalle ne na tsoho, kafaɗu suna motsi, gwiwa tana karkarwa, amma sassarfa ce, ba mai cewa tafiya ce. Ina biye da shi, ina jin numfashinsa. Ya wuce rabi. Ya kusa fitila ta biyu, sai ƙafar hagu ta ƙi zuwa.

Na ga lokacin da ya tafi. Yara, tsakanina da shi bai fi tsawon hannu ba. Jikina duka ya yunƙura, muryar Mu'allim Sale tana cikin kunnena. Na damƙe hannun keken nan har yatsuna suka yi tsami, ban saki ba. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba.

Ya sunkuyar da kai, ya ba da kafaɗa, ya mirgina, ya daki marmara da tafin hannu, tas! Sak yadda yake yi a ɗakin Usmanu. Mata suka yi salati, maza suka yo kansa. Na shiga tsakani na ce kowa ya tsaya. Na kawo keken gabansa na taka birki. Ya kama ƙarfen, ya ɗora gwiwa ɗaya, ya huta, ya ja jikinsa ya miƙe. Mayafinsa ko zamewa bai yi ba. Ya saki keken, ya ƙarasa 'yan takun da suka rage har ya wuce ƙarƙashin koren haske, sannan ya juyo ya zauna da kansa.

Ina ɗaga kai na ga Abu Majid a tsaye. Duk abin a gabansa aka yi, da gaban wasu da suka fi shi muƙami. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ya ammi Haruna, kana kusa da shi."

Na ce, "Ina kusa."

Ya ce, "Ka kai shi Marwa tukuna."

Na tura shi har Marwa, ya yi addu'arsa doguwa, ni da Maryam muna amin. Da ya shafa, sai ya kamo hannuna biyu ya juya su yana duba kantar, ya yi magana. Maryam tana share ido ta ce, "Ya ce duk rayuwarsa in ya faɗi, wani ne yake tashi a wurin. Yau shi ya faɗi, shi ya tashi."

Na kai su wurin aski, na dawo ofis na cire rigar na ninke, aka karɓa. Maryam ta je ta yi bayani washegari, har da tsohon, an saurare su da mutunci, amma doka ba ta canza ba, kuma ban ga laifin kowa ba. Na ji zafin rabuwa da rigar nan, ba zan ɓoye muku ba, har yau in na ji kiran salla daga Harami hannuna yakan nemi abin riƙewa. Amma in aka mayar da ni wurin, haka zan sake yi.

Kada ku ɗauka cewa nake ku bar alhazai suna zubewa. Mutum dubu za ku ɗauka, duk dubun ku riga su isa ƙasa. Na gaya muku ne don ku san sai da na yi shekara talatin ina kallon ƙasa kafin in gane mutum ɗaya da ya kamata in ƙyale. Ku ko kwana ɗaya ba ku yi ba.

Hamza, tsohuwar arabiyyata tana bayan ƙofa, fito da ita. Faisal, me kake jira? Tashi ka cika bokiti.